Dokar kare yara: me ya haɗa ta da tashe da wasan kwaikwayo?

Ka ambaci "haƙƙin yara" a wata majalisa a Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Wato yanzu ɗana zai kai ni ƙara ke nan?" Ban ga laifinsa ba. An rubuta dokar da Turancin lauyoyi, aka ajiye a ofis, ba a zauna an warware masa ita ba.

Tushenta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991. A 2003 Majalisar Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara. Da yake sha'anin yara na jihohi ne, sai kowace jiha ta yi tata. Katsina ta jima tana jan ƙafa, sai a ƙarshen 2020 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a Dokar Kare Yara.

Akwai sassa biyu na yarjejeniyar da ba a cika ambata ba. Sashe na 42 ya ɗora wa gwamnati nauyin sanar da manya da yara abin da ke ciki, ta hanyar da za su gane. Sashe na 31 kuma ya ce hutu da wasa da shiga harkokin al'adu da fasaha haƙƙin yaro ne, kuma dokar 2003 ta maimaita haka a sashe na 12. Ke nan malamar da ta sa 'yan aji biyar shirya wasan kwaikwayo ba ɓata lokacin karatu take ba. Ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan. Daga goma ga azumi yara ke fita tashe, su manna gemun auduga, su kwaikwayi mai rowa da mugun miji, wanda aka yi dominsa ya yi dariya ya ba da sadaka, saƙo kuma ya shiga. Haka waƙar gaɗa, haka tatsuniyar Gizo.

A ɗauki dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Ta ce karatun shekara 9, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Uban da ya ƙi sa ɗansa, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu.  Karanta wa yaro waɗannan lambobi, kafin la'asar ya manta. Amma ba shi rawani ya zama alƙali, abokinsa ya zama uban da ke rantsuwa cewa gona ce ta hana, ka ga ko zai manta.

Talla ma haka. Sashe na 30 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana sa yaro bara, ko talla a manyan titunan gari da manyan hanyoyi, ko duk wani aikin da zai raba shi da makaranta. A wasa ne za a ga yarinya da farantin gyada tana leƙen aji ta taga, a ga kuma uwar da ba ta da na cefane in ba a sayar ba. A bar uwar ta faɗi nata. Wasan da ya mai da iyaye azzalumai, iyaye ba za su zauna kallonsa ba.

Shi kuwa dattijon Ƙofar Ƙaura, amsarsa na sashe na 19 na dokar 2003: yaro ma doka ta ɗora masa girmama iyayensa da na gaba da shi, da taimaka musu idan suna da buƙata. Da wannan ya kamata a buɗe fage.

Abu ɗaya malamai su kiyaye. Kada a ɗauki labarin wani yaro na gaske da aka ci zarafinsa a unguwa a mai da shi wasa, balle a sa shi ya fito. Dokar 2003 ta hana wallafa suna ko hoto ko makarantar yaron da maganarsa ke gaban kotu, kuma bidiyon da aka ɗora a Facebook bayan bikin ranar yara na 27 ga Mayu wallafawa ce. A ƙirƙiri suna, a ƙirƙiri gari.