Sashe na 213: dokar Amurka da ta ci aikin matan aure ba tare da ta ambaci mace ba

Duk sa'ad da gardama ta tashi kan ko ya dace matar aure ta riƙe aikin gwamnati alhali matasa na yawo da takardu, sai wani ya ce ai ko Amurka ta taɓa haramta wa matan aure aiki. Maganar tana da tushe, amma an yi mata gishiri.

Abin da ake nufi shi ne sashe na 213 na dokar tsuke bakin aljihu ta 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe bayan faɗuwar kasuwar hannun jari a Oktoban 1929. Mutane kan jingina ta ga Shugaba Franklin Roosevelt. Shugaba Herbert Hoover, wanda ya gabace shi, ne ya sa mata hannu a watan Yunin 1932. Roosevelt gadarta ya yi a 1933, shekarar da kusan mutum ɗaya cikin ma'aikata huɗu ba shi da aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya da na gundumar babban birnin ƙasar, Washington, kaɗai sashen ya shafa.

Sashen cewa ya yi, idan za a rage ma'aikata, a fara da mai aure da ke zaune tare da mijinta ko matarsa, muddin abokin zaman nasa ma gwamnatin yake yi wa aiki. Wajen ɗaukar sababbi kuma, a fifita waɗanda ba su cikin wannan hali. Babu inda ya ambaci mace.

Nan ne wasu ke cewa ke nan an yi adalci. Sai dai a duba gida ɗaya: miji yana ofis da albashi mai kauri, matar tana buga takardu a wata ma'aikata da albashin da bai kai nasa ba. An ce ɗaya ya tafi. Wa zai tafi? Lissafin cefane ne zai yanke hukunci. Kimanin mutum 1,600 suka rasa aiki ta wannan hanya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu mata ne. Waɗanda suka tsara sashen sun san yadda albashi yake a lokacin, saboda haka da wuya in yarda cewa ba su hango haka ba.

Sharaɗin "zaune tare" ɗin nan ma ya jawo abin tausayi. Akwai ma'auratan da suka raba gida, wasu suka ɓoye aurensu, don kada albashi ɗaya ya salwanta. Ga shi kuwa yawancin matan nan ba kuɗin kwalliya suke nema ba. Akwai masu ɗauke da iyaye tsofaffi da 'yan'uwan da aka sallama daga aiki.

Shirye-shiryen farfaɗo da tattalin arziki na Roosevelt su ma sun tafi a kan tunanin cewa namiji ne mai ciyar da gida. Shirin dasa itatuwa da gyaran dazuzzuka ya ɗauki maza kusan miliyan 3, mata kuwa sansanonin da aka buɗe musu kimanin 8,500 suka karɓa. Dokar fansho ta 1935 ta bar masu aikatau da ma'aikatan gona a waje, inda yawancin mata baƙaƙen fata ke neman abinci.

Abin da ya fi sashen kansa illa shi ne ƙarfin gwiwar da ya ba wasu. Hukumomin makarantu da yawa dama ba sa ɗaukar malama mai aure, wasu kan sallami wadda ta yi aure tana bakin aiki, kuma yanzu sun ga gwamnatin tarayya ma ta bi sahu. Daga nan jita-jitar haramcin ta samo ƙafa.

Eleanor Roosevelt, matar shugaban, ta fito fili ta soki sashen, ƙungiyoyin mata suka yi ta matsa wa majalisa lamba har aka soke shi a 1937. Ƙa'idojin makarantun kuwa sun daɗe bayan haka, sai da yaƙin duniya na biyu ya kwashe maza aka rasa ma'aikata kafin da yawansu suka sassauta.