Koba ba satar waƙa ba ce

Kwanan nan duk inda ka leƙa a TikTok sai ka ji an ce wane ya yi "koba", musamman samarin da ke sake rera waƙoƙin Shata da fiyano. Shekaranjiya na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa wai koba sabon suna ne aka yi wa satar fasaha, abokin aikinsa ya ce a'a, ai ita ce rimis. Duk su biyun sun kauce hanya, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Koba ita ce ka ɗauki waƙar wani ka sake rera ta da muryarka, ka kaɗa ta da kayan kiɗanka tun daga farko, sunan mai ita yana nan a rubuce. Rimis kuwa ainihin sautin da aka naɗa ake ɗauka a jujjuya a kwamfuta. Akwai kuma gutsuro, irin wanda Kanye West ya yi a 2010 da ya yanko muryar ƙungiyar King Crimson daga faifansu na 1969 ya dasa a cikin waƙarsa.

Koba kalmar Turanci ce, ma'anarta rufewa, kuma tarihinta ba shi da daɗin ji. A Amurka ta shekarun 1950, da zarar waƙar baƙar fata ta fara tashe, sai kamfani ya yi maza ya sa Bature ya rera ta, gidajen rediyon fararen fata su riƙa sa tasa, ta rufe ta asali a kasuwa. Haka Pat Boone ya yi da waƙoƙin Fats Domino da Little Richard. Doka ma ta ba da dama: tun 1909, waƙar da ta riga ta fita kowa na iya sake naɗarta a Amurka ba sai ya nemi izini ba, muddin zai biya marubucinta kuɗin da aka yanka, santi 2 kan kowane kwafi a lokacin. To mai cewa akwai zalunci a asalin kalmar bai yi ƙarya ba. Amma ba duk mai koba ne Pat Boone ba.

Dubi ƙungiyar The Flaming Lips, 'yan Oklahoma a Amurka, masu kiɗan rok da ake dangantawa da sararin samaniya, wato kiɗan da jita ke ta amsa kuwwa, na'urori suna shuuu kamar kana cikin kumbo. A ƙarshen 2009 suka ɗauki faifan ƙungiyar Pink Floyd na 1973, The Dark Side of the Moon, suka sake shi ɗungurungum, waƙa bayan waƙa. A 2012 suka yi wa faifan King Crimson na farko haka. Pink Floyd da King Crimson su ne iyayen gidan rok ɗin da ake kira furog, mai dogayen waƙoƙi da kiɗa mai sarƙaƙiya, wanda masoyansa ba sa son a taɓa masa ko ɗigo. Faifan Pink Floyd sumul yake kamar an goge madubi. Su kuwa The Flaming Lips suka zo da ganga mai kaushi da jita mai ƙara kamar lasifika ta fashe, da gangan. Wasu masoya suka yi ta ƙorafi an ɓata musu abu. Ni a nan nake ganin amfanin koba. Wanda ya rera waƙa tamkar yadda mai ita ya yi, kwaikwayo ya yi, kuma me zai sa in bar ta asali in saurare shi? Wanda ya murɗa ta har na ji abin da ban taɓa lura da shi ba a cikinta, shi ya yi aiki. Kuma sunan faifan Pink Floyd ɓaro-ɓaro yake a cikin sunan nasu faifan, ba abin da aka ɓoye.

In ana neman inda haƙƙi ya maƙale, a cikin faifan asali na Pink Floyd ma akwai shi. Akwai waƙar da mace ke kwarara murya ba kalma ko ɗaya, sai amo mai tayar da tsikar jiki. Clare Torry ce. Ta shiga situdiyon Abbey Road a Landan a farkon 1973, aka ce ta rera abin da ya zo mata, ta ƙirƙiro karin nan take, aka ba ta fam 30 ta tafi gida. Faifan ya sayar da miliyoyi, sunanta ba ya cikin marubuta. Sai a 2004 ta kai ƙara, aka sasanta a 2005, daga nan aka fara rubuta sunanta tare da na Richard Wright, mai kaɗa fiyano na Pink Floyd. Shi ya sa lokacin da mawaƙiya Peaches ta sake rera wannan wuri a faifan The Flaming Lips, waƙar da ta yi wa koba ta Wright da Torry ce.