Don Allah A Daina Jefa Alalen Leda A Tukunyar Fresha Ta Lantarki

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, yau magana ce a kan tukunyar nan ta lantarki mai kulle murfi, wadda ake kira fresha. Ta shigo gidaje sosai, har cikin kayan ɗakin amare ake sa ta. Tana dafa wake da ganda cikin ɗan lokaci, ana alale da kek a cikinta, kuma babu laifi a hakan. Laifin yana wajen abin da ake zuba ƙullun a ciki. Idan mun shiga gidaje zagaye, abin da muke tararwa bai canjawa: an ƙulla alale a farar leda, an jefa cikin fresha, an rufe. Wata kuma robar ajiye abinci za ta sa, wata tsohon gwangwanin madara da ya yi jajir da tsatsa.

Ku daina sa leda a fresha. Na san za a ce ai tun tasowarmu a leda ake alale. To, ko a tukunyar gargajiya ba mu so, balle a wannan. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa ne a digiri 100, ba ya wuce nan. Fresha tana tsare tururi, zafin cikinta ya kai wajen digiri 115 ko sama da haka. Farar ledar ƙulli kuwa tun daga wajen digiri 105 zuwa 115 take narkewa. Kin ga kenan kin sa ta a daidai zafin da zai narkar da ita. Ta yi laushi, ta manne da alalen, ga manja mai jan abin da ke jikin leda, sannan ki ɓare ki miƙa wa yaron da aka yaye jiya. Haba uwargida!

Ba a nan ta tsaya ba. Leda tana kumbura idan ta ji zafi. Idan ta fashe, ƙullun wake ya bazu cikin ruwa ya yi kumfa, ya hau har ya toshe 'yar ƙofar da tururi ke fita a jikin murfi. Ita ledar kanta tana iya tasowa ta lulluɓe ƙofar. Daga nan tukunya ta ƙi sakin tururi yadda ya kamata, uwargida ta gaji da jira ta fara kokawa da murfi, ko ta taɓa hancin tukunyar ya feso mata tafasasshen ƙullu a hannu da fuska. Ƙunar tururi ba ƙaramar ƙuna ba ce, kuma sau da yawa akwai goyo a baya ko yaro a gindin ƙafa.

Gwangwanin madara da na tumatir ma a bar su. An yi su ne don amfani sau ɗaya. Akwai wani siririn shafe a cikinsu da ke ɓarewa idan ana ta dafawa ana kankarewa da soson ƙarfe, sai tsatsa ta biyo baya, ga bakin yana yanka yatsa. Gwangwanin fenti kuwa ko kusa da abinci kada ya zo, komai wankin da aka yi masa, domin wasu fenti na ɗauke da dalma. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To me za a saya? Na san kuɗi ya yi wuya, shi ya sa nake so ki sayi abu ɗaya mai kyau da zai yi miki shekaru.

Mafi kwanciyar hankali shi ne kwanon silba mai kauri, wanda aka buga shi a dunƙule, babu ɗinki babu haɗi a gindinsa. Ki juya shi ki duba ƙasa, idan kin ga an rubuta 304 ko 18/8, to shi ne mai jure tsatsa. Ki matsa bakinsa da hannu biyu a gaban mai shago. Idan ya lanƙwashe kamar takarda, ki ajiye masa kayansa. Ƙananan kofunan silba sun fi komai dacewa da alale. Kwanon alminiyum na kamfani yana saurin ɗaukar zafi, kek na tashi da kyau a cikinsa, amma kada a bar abu mai tsami kamar tumatir ya daɗe a ciki. Wanda aka narka daga tarkacen ƙarafa a bakin kasuwa ban yarda da shi ba, ba a san abin da aka haɗa ba.

Akwai kuma na silikon, mai laushi kamar roba amma ba roba ba ne, yana jure zafi sama da digiri 200. Ki tabbata an rubuta na abinci ne. Ki murɗa gefensa da yatsu: idan wurin ya yi fari, ko yana warin taya, wataƙila an yi masa gauraye. Tangaran da gilashi sai wanda aka rubuta yana shiga oben, kuma ko ɗan tsagu gare shi kada ya shiga.

Kwanon kek mai maƙalli a gefe, wanda gindinsa ke cirewa, shi ne sarkin yoyo. Kafin ki zuba ƙullu ki gwada shi: ki kulle, ki ɗora a kan busasshen tire, ki zuba ruwa rabi, ki bar shi minti 10. Idan tiren ya jiƙe, ki naɗe gindin da foyil, wato takardar alminiyum ta naɗe abinci, ninki biyu har ya hau gefe. Ƙullun alale kuwa ya cika ruwa, kada ma ki gwada shi a irin wannan kwano.

Girma ma abin lura ne, kuma nan ake yawan asarar kuɗi. Ki auna faɗin cikin tukunyarki kafin ki fita kasuwa, ko da igiya ce. Tukunya mai lita 6 tana ɗaukar kwano mai faɗin santimita 18, mai lita 8 tana ɗaukar na santimita 20. Dole yatsa ya iya shiga tsakanin kwanon da bangon tukunya, ta nan tururi ke zagayawa. Kuma kada tsayinsa ya kai ga murfi.

Wajen dafawa, a taƙaice:

- Ki zuba ruwa kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi a tukunya, ki sa ɗan mazaunin ƙarfen nan mai ƙafafu da ya zo a kwalinta. Kwano ba ya zama kai tsaye a gindin tukunya.
- Ki shafa mai, ki zuba ƙullu kashi biyu cikin uku kawai, zai tashi.
- Ki rufe da foyil ki matse gefe don kada ya tashi. Ban da murfin da ke datse iska gaba ɗaya.
- Alale a ƙananan kofuna minti 15 zuwa 20, kek a kwanon santimita 18 wajen minti 35 zuwa 40.
- Idan ta gama ki bar ta minti 10. Kada ki taɓa murfi sai ɗan ƙarfen da ke tasowa a kansa ya koma ƙasa.

Idan babu halin sayen kwano a wannan watan, ganyen ayaba yana nan. Ki wanke, ki ɗan gifta shi a wuta ya yi laushi, ki ƙulla, ki jera a kan mazaunin ƙarfe, kada tarin ya wuce rabin tukunya. Amma leda, ina roƙonku da girman Allah, a'a. Ko ninki biyu aka yi mata, ko an ce mai kauri ce, leda ce dai.

In kuma tsautsayi ya gifta tururi ya ƙona wani, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, kuma kada a fasa ƙurjin ruwan da ya taso. Idan ƙunar a fuska take ko a hannu, ko ta fi tafin hannun wanda ya ƙone, ko yaro ne, a rufe da tsumma mai tsabta a kawo shi asibiti a ranar, kada a kwana.