Karatun kasuwanci da Turanci: me ya canza a Kano?

Wai yanzu dole sai ka iya Turanci za ka yi kasuwa?

Ya danganta da wa kake hulɗa. Alhazawa da yawa a Kantin Kwari da Singa sun tara dukiya da lissafin ka da ɗan littafin bashi kawai. Amma yanzu kaya da yawa daga Cana suke zuwa, shi kuma mutumin birnin Guwanzu na can da kake tura wa saƙo a manhajar WeChat ai ba Bature ba ne, Turancinsa guntu-guntu ne kamar naka, abin da ake so dai ku gane juna, yadi nawa, wace kala, yaushe kwantena za ta taso. Wasu ma Hausa suke bugawa a Google Translate su kwafa su tura, kuma ciniki ya faɗa.

Ke nan Turancin makaranta ya tashi aiki?

Ina! Wajen takarda ake shan wuya. Yarjejeniya, takardun kwastan, fom ɗin bashin banki, takardun CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, duk da Turanci suke kuma ba irin na hira ba, kalma ɗaya ta wuce ka sai ka sa hannu a kan abin da ba ka yarda da shi ba, manhajar fassara kuwa tana iya juya maka zance ba ka sani ba. Sannan in babu kiredit a Turanci da lissafi a WAEC ko NECO, jami'a ba za ta ɗauke ka karatun kasuwanci ba.

Su makarantun me suka canza?

A da hadda ce, ka zuba a jarrabawa ka manta. Yanzu ana koyar da lissafin shago a manhajar kwamfuta ta Excel da talla a intanet, darasin dogaro da kai ya zama tilas a jami'o'i, Jami'ar Bayero (BUK) ma tana da makarantar kasuwanci ta Ɗangote da aka buɗe gininta a 2018. Gaskiya dai wasu malaman tsohuwar handawut ɗin nan suke maimaitawa, kasuwa ta riga su nisa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 hatta mai shayi ya manna lambar akawun a jikin teburinsa, sai ya ga alat zai sallame ka.

Yaro ya tafi shago ko makaranta?

Ya haɗa, safe aji yamma shago in da hali. Maigida ne zai nuna masa wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa, makaranta kuma ta koya masa karanta takarda kafin ya sa hannu.