Yadda "karyayye" ya zama "gudu" a bakin mutanen Indiya

Wace kalma ce wannan?

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya sha jin ana kururuwa "bhago!" in rikici ya ɓarke, wato "ku gudu!" Aikatau ɗin a harshen Hindi shi ne bhagna, da dogon wasali a gaɓar farko. Abin da ya ja hankalina shi ne asalinsa ba gudu ba ne, karyewa ce. A harshen Prakrit ana cewa bhanjai, "yana karyawa", abin da ya karye kuma a kira shi bhagga.

Mene ne Prakrit ɗin?

Harsunan jama'a ne na arewacin Indiya a da, 'yan uwan Sanskrit, harshen malamai da addini. Da su Sarki Ashoka ya sa aka sassaƙa umarninsa a jikin duwatsu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Hindi da Bangali da Gujarati duk ta wannan hanya suka biyo.

Ta yaya kalmar ta sauya kama?

A Sanskrit karyayyen abu bhagna ne, da gajeren wasali. Bakin talaka bai son baƙaƙe biyu mabambanta a jere, sai ɗaya ya haɗiye ɗaya, gn ya koma gg. Daga baya Hindi ya sauke baƙi guda ya ja wasalin, aka sami bhaag. Haka ta faru da wuta: agni ta zama aggi, yau ana cewa aag. Bakwai ma haka, sapta, satta, saat.

To ina haɗin karyewa da gudu?

Fagen fama. Rundunar da aka karya sahunta ba ta tsayawa, kowa ta kansa yake yi. Tun a Prakrit bhagga na ɗauke da ma'anonin biyu, karyayye da wanda ya arce. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda mu ma in muka ce mayaƙa sun karaya, ba ƙashinsu muke nufi ba. A Punjabi har yanzu bhajjna na nufin gudu, yana kuma nufin karyewa.

Akwai inda ma'anar farko ta tsira?

Akwai. Bangali na cewa bhanga ga karya abu, daga saiwa ɗaya. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na mutanen nan da aka sani da yawo, wato al'ummar Roma ta Turai (ba Romawan Italiya ba), waɗanda kakanninsu suka bar Indiya shekaru kusan 1,000 ko fiye da suka wuce. A harshensu bh ya koma ph, shi ya sa ɗan'uwa ya zama phral. Har gobe a ƙauyukan Romaniya da Hangari, in sanda ta karye, phag- suke cewa.