Darasin da ɗalibai ke jagoranta ta hanyar bincike: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake tsara shi

Mene ne darasin bincike, kuma da me ya bambanta da wanda aka saba?

A darasin da aka saba, malami ne yake zuwa da tambaya da amsarta tare, ɗalibi kuma ya karɓa ya haddace. A darasin bincike kuwa, ana farawa da tambayar da ɗalibai ba su riga sun san amsarta ba, sai su yi hasashe, su tattara hujja, sannan su kare abin da suka gano a gaban 'yan ajinsu. Tunanin ya daɗe. John Dewey, masanin falsafar ilimi ɗan Amurka, ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago a 1896 domin yara su koya ta hanyar aikatawa, kuma Jerome Bruner, masanin halayyar ɗan adam ɗan Amurka, ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi a 1961 da rubutunsa kan koyo ta hanyar ganowa.

Idan ɗalibai ne a gaba, ke nan nauyin malami ya ragu?

Nauyinsa ƙaruwa yake yi, kuma a nan ne da yawa suke kuskure. A 2006, masana uku, Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark, sun soki koyarwar da ake sakin ɗalibi ba tare da isasshen jagoranci ba, bisa hujjar cewa ƙwaƙwalwar mai koyon sabon abu ba ta iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda, don haka idan aka bar shi yana lalube sai ya gaji bai kama komai ba. A ganina sukar tana da gaskiya, kuma duk mai tsara irin wannan darasi ya kamata ya ɗauke ta da muhimmanci.

Mafita ita ce a saki ragama kaɗan-kaɗan. Masana koyar da kimiyya Heather Banchi da Randy Bell sun bayyana matakai huɗu a 2008. A na farko ɗalibai suna tabbatar da abin da aka riga aka koya musu, a na biyu malami ya ba da tambaya da hanyar bincike su kuma su nemo sakamakon, a na uku ya ba da tambayar kaɗai su tsara hanyar, sai a na huɗu ne suke ƙirƙirar tambayar da kansu. Ajin da bai taɓa yin na biyu ba, bai dace a jefa shi cikin na huɗu ba.

Daga ina ake fara tsara darasin?

Daga abin da manhaja ta ce a koyar, sannan a mai da shi tambayar da ba a amsa ta da "e" ko "a'a", wadda kuma ɗalibai za su iya bincikawa da kayan da ke hannunsu cikin lokacin da ake da shi. Akwai tsari mai matakai biyar da masanin koyar da kimiyya Rodger Bybee da abokan aikinsa suka fitar a 1987: jan hankali, lalubawa, bayani, faɗaɗawa da auna fahimta. Abin lura shi ne bayani ya zo na uku, wato malami yana ba da sunan abu da ƙa'idarsa ne bayan ɗalibai sun taɓa shi da hannunsu.

Shin hanya ɗaya ce ake bi a kowane fanni?

Ruhin aikin ɗaya ne, amma abin da ake kira hujja ya bambanta. A kimiyya hujja ita ce gwaji. A ɗaura nauyi a bakin zare a bar shi yana lilo, a tambayi ɗalibai me ke sa lilon ya yi sauri ko jinkiri. Yawancinsu za su ce nauyin ne, amma idan suka sauya abu ɗaya a kowane gwaji suka bar sauran yadda suke, za su ga cewa tsawon zaren ne ke da tasiri. Wannan mamaki ya fi kowane bayani zama a rai.

A lissafi, ɗalibai za su iya auna kewayen abubuwa masu siffar da'ira, su raba shi da faɗin da ya ratsa tsakiya, su ga amsar kullum tana kusa da 3.14. Sai dai awo kawai ba ya wadatarwa a lissafi. Idan suka yanke kusurwoyi uku na alwatika suka jera su suka ga sun ba da digiri 180, wajibi ne malami ya tambaye su dalilin da ya sa hakan zai tabbata ga kowace alwatika, har da wadda ba su taɓa zanawa ba.

A tarihi hujja ita ce majiya. Ana iya tambaya ko kisan Yarima Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya-Hungari, a Sarajevo ranar 28 ga Yuni, 1914 shi ne musabbabin Yaƙin Duniya na Farko, ko kuwa ashana ce kawai da ta faɗa kan busasshiyar ciyawa, sannan a ba ɗalibai bayanai masu saɓa wa juna su tantance wa ya rubuta kowanne, yaushe, kuma da wace manufa.

Nahawu ma yana karɓar bincike, ko da yake ana yawan mantawa da shi. A rubuta "littafin malam", "rigar malam", "takalmin malam" da "motar malam", a bar ɗalibai su gano abin da ke kawo "n" ko "r". Da zarar sun ce duk kalmar da ta ƙare da "a" tana ɗaukar "r", sai a kawo musu "gidan malam" da "sunan malam" domin su sake nazarin ƙa'idar tasu.

Me za a yi idan an yi tambaya aji ya yi tsit?

A jira. Masaniyar koyar da kimiyya Mary Budd Rowe ta gano a bincikenta na farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suna ƙara tsawo, masu amsawa ma suna ƙara yawa. Yana kuma taimakawa a raba aji rukuni-rukuni, kowane ɗalibi da aikinsa, don kada masu baki su mamaye masu kunya.

Yaya ake ba da maki, kuma lokaci zai isa?

A duba yadda ɗalibi ya kai ga amsa tare da amsar kanta: tambayar da ya yi, hujjar da ya kawo, da yadda ya gyara ra'ayinsa bayan hujja ta saɓa masa. A sanar da ɗalibai wannan ma'auni tun kafin su fara. Game da lokaci kuwa, darasin bincike ya fi cin lokaci, shi ya sa ya fi kyau a keɓe shi ga batutuwan da ɗalibai suka fi yi wa gurguwar fahimta, a kuma ware mintunan ƙarshe na kowane darasi domin malami ya tattara abin da aka gano ya gyara kurakuran da suka rage.