Zubin ƙarfe a mazubi mai ɗorewa

Zubin ƙarfe a mazubi mai ɗorewa hanya ce ta ƙira da ake narka ƙarfe a zuba shi cikin mazubin da ba a farfasawa bayan an gama. Mazubin ɓari biyu ne, galibi na baƙin ƙarfe mai tauri. A haɗa su a matse, a zuba narkakken ƙarfe, in ya daskare a buɗe a ciro kayan, a sake rufewa. Mazubi guda kan fitar da dubban kaya iri ɗaya sak.

Nan ya sha bamban da aikin masu zubin tukwanen alminiyam a Zariya. Su yashi mai danshi suke daddanƙarawa a jikin tsohuwar tukunya, su zare ta, su zuba narkakken alminiyam a gurbinta. Kowace tukunya sai an rushe yashinta.

Sharaɗin aikin shi ne ƙarfen da za a zuba ya riga mazubin narkewa nesa ba kusa ba. Shi ya sa aka fi yin sa da alminiyam, mai narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, da tutiya a 420, da dalma a 327. Kafin zubi akan ɗumama mazubin, a shafa masa abin da zai hana ƙarfen mannewa. Mazubi mai sanyi kan daskarar da ƙarfe tun bai cika lunguna ba.

Wani lokaci nauyin ƙarfen ne ke kai shi ciki, wani lokaci inji ne ke ɗura shi da ƙarfi cikin ƙiftawar ido. Wannan na biyun don haruffan ɗab'i aka fara shi, an kuma yi wa injinsa rajista a Amurka a 1849.

Duk wanda ya juya kafiretar babur a hannu ya ga shaidarsa: siririn layi inda ɓari biyun suka haɗu, da ƙananan da'irori inda fil ya ingizo kayan waje. Aibinsa kumfar iska da kan maƙale ciki, wadda ke sa walda ta ƙi kamawa da kyau.

Tsadar duk tana wajen sassaƙa mazubin. Sai masana'anta mai neman dubbai ke cin ribarsa. Mai zuba tukunya goma, yashi ya fi masa.